Ina mace za ta dosa idan an ci zarafinta?

A ƙasar Hausa, matar da miji ya doka takan koma gidan iyayenta, inda kalmar farko da za ta ji ita ce "yi haƙuri". Haƙuri ba ya ɗinke rauni, shi ya sa ya kamata a san wuraren da aka tanada.

Ga wadda aka yi wa fyaɗe, asibiti ne farko. A Kano akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato kuma Cibiyar Nana Khadija. Ana duba mutum kyauta, a kwantar masa da hankali, a rubuta rahoton likita wanda kotu za ta nema. Gaggawa na da dalili: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72. Idan da hali, kada a yi wanka ko a wanke tufafi kafin a je, domin shaida na jikinsu. Yara maza ma ana karɓarsu.

Ta fannin shari'a, dokar VAPP ta 2015 ta haramta dukan abokin aure da korar sa daga gida da ƙarfi, amma sai jiha ta amince da ita take aiki a can. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma na karɓar ƙorafi. Hisba kan yi sulhu, sai dai fyaɗe laifi ne na kotu.

Babban giɓin shi ne nisa: cibiyoyin na birane, matar ƙauye kuwa kuɗin mota kaɗai kan tsayar da ita.