In Saba Ta Faɗi, Wa Zai Karɓa?

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da ta MainOne. Manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak.

Mai POS a Tofa ya san dabarar: layi ya ƙi, a sa wani. Manyan kamfanoni ma haka suke yi, sai dai ba da hannu ba. Manhaja ce ke ƙwanƙwasa wa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayananka, ƙofa duk 'yan daƙiƙoƙi. Ta ji shiru, ta karkatar da kowa zuwa ta ajiya.

Amma fa in biyun waya ɗaya suke bi, an yi ba a yi ba. Ranar, Glo-1 da Equiano ba su yanke ba.