Rumbun Ajiyar Bayanai Na Gida: Yadda Ake Tsara Shi Da Raba Abin Da Ke Ciki

Na'urar da ake kira NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo da madannai, wadda aikinta shi ne riƙe fayiloli da miƙa su ga sauran na'urorin gida. Ana haɗa ta da rauta ta hanyar kebul a bar ta a kunne, sai wayoyi da kwamfutoci da talabijin su riƙa ɗauka suna ajiyewa a wuri guda. Wannan musaya ba ta cin data, domin fayil ba ya fita intanet: daga rumbu zuwa rauta, daga rauta zuwa waya. Hotunan biki da suka warwatse a wayoyin 'yan gida, takardun makaranta da ke cikin filash, da karatun malamai da aka daɗe ana tarawa a memori, duk sai su samu matsuguni ɗaya.

Ana sayar da ita a haɗe, kuma kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin waɗanda suka fi shahara. Mai tsohuwar kwamfuta kuwa zai iya saka mata manhajar TrueNAS ko OpenMediaVault, waɗanda ake samu kyauta. Mai gurbin faifai biyu ta ishi ɗan koyo. Faifan da ya dace shi ne wanda aka ƙera don aikin dare da rana, irin su WD Red da Seagate IronWolf. Faifai mai terabayit 4 yakan nuna kusan 3.6, wannan kuma bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta, ba algus ba.

Tambayar farko da na'urar ke yi ita ce yadda za a haɗa faifan, wato tsarin RAID, sunan da ya yaɗu daga wata takardar bincike ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. A RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, don haka faifai biyu masu terabayit 4 suna ba da wurin terabayit 4 ne kawai, amma idan ɗaya ya mutu ɗayan na nan. RAID 5 yana buƙatar faifai uku zuwa sama, yana kuma jure mutuwar guda. RAID 0 yana ba da dukkan wurin da ƙarin sauri, sai dai faifai ɗaya na lalacewa komai ya tafi. Bai dace da ajiyar iyali ba.

Babban aikin yana wajen tsara folda, kuma kafin a kwafi fayil ko ɗaya ake yin sa. Wanda ya juye kayan wayoyi da filasai yadda suke, bai rabu da hargitsi ba, ya dai tara shi wuri guda. Manyan foldodin rabawa su ne ginshiƙi, domin a kansu ake ɗora izini. Saboda haka ana raba su ne bisa ga wanda zai gani, ba bisa ga irin fayil kaɗai ba. Hotunan iyali folda guda, bidiyo da sauti guda, karatun yara guda, sannan takardun fili da na banki da na asibiti a tasu foldar da manya kaɗai ke buɗewa. Huɗu ko biyar sun wadatar. A ƙarƙashinsu kada a zurfafa fiye da hawa uku, don abin da aka binne da nisa ba a cika komawa kansa ba.

Sunan fayil ma yana da ƙa'ida. Idan aka fara da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-03-15 sai bayanin abin, kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tsarin lokaci. Suna irin "sabo" ko "na ƙarshe" ba ya gaya wa kowa komai bayan wata shida. A guji alamomi irin su aya biyu, alamar tambaya da tauraro, domin Windows ba ta karɓar su a sunan fayil.

Kowane ɗan gida a buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa. Izini iri uku ne: karantawa kaɗai, karantawa da rubutawa, ko hanawa gaba ɗaya. Yara da talabijin karantawa ta ishe su a foldar hotuna, don kada yatsa ya kuskure ya share tarihin shekaru. Asusun mai kula da na'ura na saiti ne kawai, ba na amfanin yau da kullum ba. Yana da kyau a kunna kwandon shara na kowace folda.

Hanyar rabawa da ta fi yaɗuwa ita ce SMB, wadda Windows da Mac da Linux duk suke ganewa, wayoyi ma suna shiga ta manhajar sarrafa fayil. Ana sa rauta ta keɓe wa rumbun adireshi ɗaya da ba ya canzawa, kamar 192.168.1.10, don kada na'urori su neme shi su rasa. Kebul mai saurin gigabit yana kwafar kimanin megabayit 110 a daƙiƙa, abin da Wi-Fi ba kasafai yake kaiwa ba, shi ya sa kwafin farko ya fi kyau ta kebul. Tsohon samfurin SMB1 a kashe shi: ta raunin da ke cikinsa ne muguwar manhajar WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayu na 2017.

Shiga daga wajen gida shi ne inda haɗari yake. A Janairun 2022 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ta kulle na'urorin QNAP da aka buɗe wa intanet kai tsaye, masu manhajar suka nemi kuɗin fansa. Mai buƙatar fayilolinsa a kan tafiya ya bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga daga nesa, irin WireGuard ko Tailscale, ya kuma riƙa sabunta manhajar na'urar.

RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Fayil ɗin da aka share ko aka kulle, a faifan biyu ya tafi lokaci guda, haka ma idan gobara ko ɓarawo ko tsawa ta faɗa wa akwatin. Ƙa'idar da aka sani da 3-2-1 ta ce a riƙe kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Faifan waje da ake kwafa a kai a kai a ajiye a gidan ɗan'uwa ya cika sharaɗin ƙarshe. A riƙa gwada dawo da fayil daga kwafin, don a tabbata yana aiki.

Inda ake yawan ɗauke wuta, UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, dole ne, domin yankewar wuta ana cikin rubutu tana iya ɓata fayiloli. Yawancin na'urorin NAS suna haɗuwa da UPS ta kebul ɗin USB, su kashe kansu cikin tsari idan batir ya yi ƙasa. A ɗora akwatin a kan kanta inda iska ke ratsawa, nesa da taga, a kuma riƙa share ƙurar fankarsa, musamman lokacin hunturu.