Bindigar izini da bindigar ɓoye

Tambayar da magidanta ke ta yi a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka tsananta a kan iyaka, ita ce: shin ba mu da haƙƙin riƙe bindiga don kare iyalanmu?

Doka a Nijar ba ta rufe ƙofar ba, amma ƙofar ƙunci gare ta. Sai mutum ya rubuta takardar neman izini, a binciki halinsa, takardu su yi tafiya har ma'aikatar cikin gida a Yamai, sannan ya zauna jira. Izinin ma bai shafi makaman yaƙi irin su Kalashnikov ba. Manomin da bai iya Faransanci ba, mai gona a daji, ina shi ina wannan doguwar hanya?

Ɓarawo kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. Mun tuna ranar 25 ga Satumba 2000, da aka ƙone makamai fiye da dubu a Agadas bayan tawaye, muka zaci an rufe babin. A 2006 ƙasashen CEDEAO, lokacin Nijar na cikinsu, suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai. Sai ga faɗuwar Gaddafi a 2011: rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kaya suka kwararo ta Sahara, a motoci da bisa raƙuma, daga baya har cikin buhunan hatsi. Wasu kuma a hannun sojoji ake ƙwace su in an kai wa barikoki hari.

Saboda haka muna fahimtar zafin zuciyar wanda ya je wurin maƙeri ya sayo adaka, ko ya nemi ta ɓoye. Amma kuɗin da ya biya, hannun masu fataucin nan suke shiga, su ne kuma ke sayar wa maharansa. Manzon Allah (SAW) ya hana a nuna wa ɗan uwa makami ko da wasa, balle a ajiye shi inda yara ke shiga da fita. Kuma adaka ba ta ja da Kalashnikov. A watan Nuwamba 2021, ƴan banga na Banibangu suka bi sawun mahara cikin daji da makaman da suke da su. Mutum 69 aka kashe a ranar, har da magajin garin da ya jagorance su. Allah Ya jiƙansu.