Abuja Na Korar Abin Da Baƙonta Ya Zo Nema

Duk ranar da motar hukumar kula da muhalli ta Abuja, wato AEPB, ta kutso wata unguwa, an san abin da zai biyo baya: masu talla su watse, a kwashe tebura da kaskon tuya a loda a bayan mota. Abin takaicin shi ne ana wannan samame a daidai lokacin da abincin bakin titi ya zama babban abin da ke fito da mai ƙaramin ƙarfi yawo a birnin. Ɗan hidimar ƙasa, da ɗalibi, da baƙon da ya zo bin takarda a ma'aikata, ba otal-otal ɗin Maitama suke nufa ba. Area 1 suke zuwa, inda mai kilishi zai gutsuro maka ɗanɗano kafin a fara ciniki, ko kasuwar barikin Mogadishu, inda za ka nuna kifin da kake so a gasa shi a gabanka.

Dalilin wannan tururuwar da kowa ke ambata shi ne tsadar rayuwa, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashin abinci kuwa ta ƙetare kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Amma tsada turo mutane kawai ta yi. Tushen matsalar yana cikin yadda aka zana garin. Tsarin 1979 ya tanadi ofisoshi da manyan tituna don mai mota, ya mance da mai shayi da mai ƙosan da za su ciyar da masinja da direba. Waɗannan a Nyanya da Mararaba da Kubwa suke kwana, su yi sammako su shigo garin da bai ware musu ko taku ɗaya ba. Da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, sai zirga-zirgar marar mota ta ƙara wuya. Shi ya sa armashin Abuja ya taru a 'yan lunguna masu nisa da juna, kuma kuɗin motar zuwa wajen mai tsire kan ci rabin kuɗin tsiren.

Kamar abincin titi, haka zancen zanen bango yake. Garin da ba a tafiya a ƙafa ba ya samun masu tsayawa kallon bango, bangayen Abuja kuma yawanci katangu ne masu ƙayar waya. Zanen da talaka ke gani kyauta yana jikin manyan motocin da ke sauke kaya a Dei-Dei da allunan shagunan aski, sauran kuma an killace shi a ɗakunan nuni irin su Nike da Thought Pyramid. Duk wannan na faruwa ne a birnin da ya gaji sunan garin da Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ta yi suna da ginin tukwane.

Masu kare korar suna kafa hujja da tsafta da tsaro, kuma ba za a ce ba su da abin faɗa ba: bom ya tashi a kasuwar barikin Mogadishu a ƙarshen 2010, ya kuma tashi a tashar Nyanya a 2014, sannan kwata da shara a gefen abinci ba abin yabo ba ne. Sai dai samame bai taɓa wanke kwano ba. Singafo ta sha irin wannan matsala, ta gina wa masu abincin titi rumfuna da ruwan famfo da lasisi, har UNESCO ta sa al'adar cikin kayan gadon duniya a 2020. A Abuja kuwa, matar da ta san gobe ana iya kifar mata da kasko ba za ta sayi akwatin gilashin rufe waina ba, ba kuma za ta ajiye duron ruwan wanke hannu ba, domin kayan da za ta iya sunkuta ta gudu da su kaɗai take fitowa da su.