Tarho Mai Maɓalli Shida: Yadda Ake Haɗa Tsohon Tsarin 1A2 a Gida

Tsarin 1A2 shi ne tarhon ofis da kamfanin Bell ya fito da shi a Amurka a shekarar 1964, domin mutum ya iya amsa layuka da dama daga kan teburi guda. Mai kallon tsofaffin finafinan Amurka ya sha ganinsa: tarho ne mai nauyi, da maɓallai shida a jere a gabansa, ɗaya ja, sauran biyar masu kawo haske. Masana'antar Western Electric ce ta fi ƙera shi, amma ITT da Stromberg-Carlson da Northern Electric ta Kanada su ma sun yi nasu da ke aiki tare da shi. Ya gaji tsarin 1A1 na shekarun 1950, ya kuma ci zamaninsa har cikin shekarun 1980, lokacin da na'urori masu ƙwaƙwalwar lantarki irin su Merlin suka ture shi. A yau masu sha'awar tsofaffin kaya ne ke sayen ragowarsa suna haɗawa a gidajensu, kuma akasarin kayan suna nan da ransu.

Tarhon kansa ba shi da wata dabara a ciki. Maɓallansa makunnai ne kawai na ƙarfe, kowane maɓallin layi da ɗan ƙwan fitila a ƙarƙashinsa. Aikin duka yana cikin akwatin sarrafawa da ake kafewa a bango, wanda takardun kamfani ke kira KSU. A cikinsa kowane layi yana da katinsa, mafi shahara shi ne samfurin 400D, mai ɗauke da makunnai da maganaɗisu ke ja. Akwai kuma na'urar ba da wuta, da wani ƙaramin moto mai juya faya-fayai, yana haɗa wutar fitilu yana yankewa don su riƙa ƙyaftawa. Ƙaramin akwati samfurin 551 yana ɗaukar layuka huɗu, kuma ya ishi kowane gida.

Abin da ke razana sabon shiga shi ne kebul. Kowane tarho yana da nasa mai kaurin yatsa, da wayoyi 50 a ciki, an murɗe su bibbiyu sun zama tagwaye 25, sun ƙare a dogon soket na Amphenol mai haƙora 50. Dalilin wannan yawa shi ne kowane aiki yana da wayarsa, babu wadda ke ɗaukar saƙo biyu. Layi guda yana cin tagwaye uku. Na farko, masu alamar T da R, su ne ke ɗaukar murya daga cibiyar tarho. Na biyu, A da A1, su ne ke shaida wa akwati cewa an ɗauki layin. Na uku, L da LG, na fitila ne. Layuka biyar sun cinye tagwaye 15 ke nan, ragowar kuma na ƙararrawa ne da sauran ƙananan ayyuka.

Launuka ne ke hana a ɓata. Akwai manyan launuka biyar: fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya. Akwai ƙanana biyar: shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka. Kowane babba yana zagaya ƙananan biyar ɗin, ta haka aka sami 25. Tagwayen farko fari da shuɗi ne, na biyu fari da ruwan lemo, na uku fari da kore, kuma waɗannan ukun su ne na layi na ɗaya. Layi na biyu ya fara daga fari da ruwan ƙasa, ya bi ta fari da ruwan toka, ya ƙare a ja da shuɗi. Haka ake bi har layi na biyar ya tsaya a baƙi da ruwan toka. Wanda ya haddace launuka goman nan a jere ya gama da rabin wahalar aikin.

Ba a ƙulla wayoyin da hannu, ba a kuma yi musu dalma. Ana kai su kan wani allon roba da ake kira bulok 66, mai sahu 50 na ƙananan ƙarafa masu tsaga. Ma'aikaci zai ɗora waya a bakin tsagar ba tare da ya feɗe ta ba, ya danna da wani ɗan ƙarfe mai sifirin a ciki. Da ya ji ƙas, tsagar ta yanka robar ta kama jan ƙarfen, wuƙar da ke gefe kuma ta datse rarar. Wannan wuƙa tana da gefen da ya kamata ta fuskanta. Idan aka juya ta, ɓangaren da ake buƙata za ta datse, ta bar guntu a maƙale. A sahu na ɗaya farar waya mai zanen shuɗi ce, a na biyu shuɗiya mai zanen fari, haka har ƙasa.

Wayar A ita ce zuciyar tsarin, kuma ita ta fi cancanta a fahimta sosai. Idan mutum ya danna maɓallin layi ya ɗaga kan tarho, abu biyu ne ke faruwa tare: wutar cibiya ta fara gudana ta T da R, sannan A ta haɗu da A1. Katin ya ga alamun biyu, sai ya kunna fitilar wannan layi a duk tarhon da ke gidan, kowa ya san akwai mai magana. Idan kuma aka danna jan maɓalli don a jingine kira, A ce ke fara yankewa, alhali wutar murya tana ci gaba da gudana na ɗan lokaci, kafin maɓallin layin ya tashi. Wannan 'yar tazara ita ce saƙon. Katin ya ga wuta a layi amma babu A, sai ya gitta nasa nauyin a kan layin, cibiya ta ci gaba da ɗaukar cewa ba a ajiye tarho ba. Mai kira yana nan yana jira, kowane tarho a gidan kuma yana iya karɓarsa. Dabara ce mai ban sha'awa ƙwarai, domin babu kwamfuta ko ɗaya a ciki, jerin buɗewar makunnai biyu ne kawai ya raba ajiye tarho da jingine kira.

Fitilun ma suna da yarensu. Haske a tsaye yana nufin layi na aiki. Ƙyaftawa a hankali, wajen sau 60 a minti, kira ne ke shigowa. Ƙyaftawa da sauri, wajen sau 120 a minti, inda hasken ke ɗan ɗaukewa ya dawo, kira ne da aka jingine.

Wajen haɗawa, hanya mafi lafiya ita ce a fara da layi ɗaya da tarho ɗaya a kan teburi, kafin a huda bango ko a ja kebul. A kai layin waje mashigar katin farko, a fitar da wayoyi shida daga katin zuwa sahu shida na farko a bulok, a jona tarho, a gwada: ana jin sautin layi, fitila ta kama, jan maɓalli yana jingine kira. Sai hakan ya tabbata a ƙara layi na biyu. Daga nan kowane sabon tarho yana samun irin wayoyin nan a sahu iri ɗaya. Ya fi kyau kowane ɗaki ya sami kebul nasa kai tsaye daga wurin akwati, maimakon a bi ɗaki zuwa ɗaki da guda ɗaya, domin idan matsala ta taso ana iya cire ɗaki ɗaya a gano ta.

Ƙararrawa tana da hanya biyu, kuma a al'ada tagwayen rawaya da ruwan toka ne ke kai mata wuta. Ana iya jona ta kai tsaye a kan layi ɗaya, ta yi ƙara da wutar da layin ya kawo. Ana kuma iya barin akwati ya kaɗa ta da tasa wutar duk lokacin da kira ya shigo ta kowane layi. Ta farko ta fi sauƙi, tana kuma aiki ko an ɗauke wuta. Haka ma kiran waje: muddin layin na da wutarsa, ana iya magana, fitilu da jingine kira ne kawai ke tsayawa.

Na'urar ba da wuta tana fitar da ƙarfi daban-daban: volt 24 irin na batir don makunnan kati, volt 10 don fitilu, da wajen volt 105 don ƙararrawa. Layin cibiya kansa yana ɗauke da volt 48, yana kaiwa wajen 90 idan kira na shigowa. Wannan ya isa ya fizgi mai taɓa bulok da gumi a hannu, don haka ana cire filogi da layin waje kafin a sa hannu. An ƙera na'urar don wutar Amurka mai volt 120 da bugu 60 a daƙiƙa. A ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda wuta ta kai volt 220 zuwa 230 da bugu 50, dole sai da taransfomar rage ƙarfi, kuma moton fitilu zai ɗan rage sauri.

Gidaje da yawa a Amurka sun rabu da layin jan ƙarfe, saboda haka masu wannan sha'awa kan samo layi daga ƙaramar na'urar da ke mayar da kiran intanet irin na tsohon tarho, ko wadda ke haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth. Tarho samfurin 2565 mai madannan lamba yana tafiya da su ba gardama. Samfurin 565 mai faifan juyawa kuwa yana aika lamba ne ta hanyar yanke layi sau 10 a daƙiƙa, kuma ba kowace sabuwar na'ura ce ke gane hakan ba, sai an ƙara mata mai fassara shi.

Yawancin matsaloli suna nuna tushensu da kansu. Idan ana jin sautin layi amma madannan tsohon 2565 sun ƙi aika lamba, an juya T da R ne. Idan layi ya shiga jingine da zarar an ɗaga kan tarho, wayar A ba ta isa kati ba. Fitila mai dushi-dushi a ɗaki mafi nisa alama ce ta tsawon kebul, domin volt 10 ba ya jure doguwar tafiya a siririyar waya. Tarhon gida na yau da kullum kuma ba shi da wayar A. Idan aka jona shi kafin akwati zai yi aiki, amma fitilun sauran ba za su nuna an ɗauki layin ba, sai an sa masa wata 'yar na'ura da za ta haɗa A da A1 a madadinsa.