Naman Harbi Da Naman Feshi

Idan gero da shinkafa suka fara nuna a Barno da Yobe, sau da yawa jan-baki kan afka wa gonaki. Hukuma ta tura jirgi ya fesa musu guba, maharba kuma su bi sauran tsuntsaye masu ɓarna da bindiga. Daga nan soyayyun tsuntsaye su shigo kasuwa.

To, mu lura. Abin da Musulmi ya harba da bisimilla, malaman Malikiyya sun halatta cinsa. In an tarar da shi da rai, sai a yanka. Amma wanda guba ta kashe mushe ne, aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta shi. Kuɗinsa ma haram ne, ga cutar da mai ci.

Saboda haka mu tambaya kafin mu saya. Allah Ya ciyar da mu halal, amin.