Motsa Jiki A Ɗaki Guda: Auna Ɗakinka Kafin Ka Tafi Kasuwa

DUK wanda ya san Konduga kafin fitinar da ta auka wa Jihar Barno, ya san cewa ba gari ba ne da ake bukatar a yi wa mutum wa'azin motsa jiki. Garin yana kan hanyar Maiduguri zuwa Bama, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, kuma akasarin mutanensa manoma ne da masunta da makiyaya. Magidanci ya kan sammaka ya taka zuwa gona, ya yini yana huɗa, ya komo da dami a kai. Uwargida kuwa tsakanin daka da ɗibar ruwa da faskare, kafin rana ta faɗi ta yi gumin da ya ishe ta.

Hare-haren da aka kai wa garin a shekarun 2013 da 2014 sun canja wannan rayuwa. Dubban mutane suka bar gonakinsu, waɗansu suka sauka a sansanonin Dalori da ke cikin Ƙaramar Hukumar Konduga, waɗansu suka kama ɗaki ɗaya a unguwannin Maiduguri. An rufe sansanonin Dalori cikin jerin waɗanda Gwamnatin Jiha ta rufe, watau a shekarar 2022, amma matsin muhalli bai ƙare ba, balle da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya rusa gidaje ya tara iyalai da yawa a ɗakunan 'yan'uwa. Mutumin da jiya yake taka mil biyar kafin hantsi, yau yana zaune a bakin tebur yana sayar da kayan miya tun safe har magariba. Niƙa ta koma wurin inji, tafiya ta koma cikin Keke Napep.

Jiki kuwa ba ya yafe irin wannan zama. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake yi wa kirari da ciwon masu kuɗi, yanzu ba su bar talaka ba. Idan likita ya ce wa mutum ya riƙa motsa jiki, tambayar da ke biyo baya ita ce: da me, kuma a ina?

Abin Da Jiki Ke Bukata

Kafin a yi maganar kaya, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nema. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda zai sa numfashi ya ɗaga amma mutum yana iya magana, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi. Ban da wannan, ana son a ba tsokoki aikin ɗaukar nauyi aƙalla kwana biyu a mako. Minti 150 ɗin nan, in aka raba shi, rabin awa ne a kwana biyar. Duk wani ƙarfe da za a saya, to, waɗannan bukatu biyu zai biya, watau aikin zuciya da aikin tsoka. Wanda bai biya ko ɗaya ba, kayan ado ne.

Injin Gudu Da Ɗakin Haya

Abin da ya fi ɗaukar idon mai 'yan kuɗi a hannu shi ne injin nan da ake gudu a kansa a wuri guda, wanda ake gani a talabijin. To, bari mu yi lissafi. Ɗakin haya irin wanda aka saba yana da ƙafa 12 a tsawo da ƙafa 12 a faɗi. A ciki akwai gado, da akwatuna, da kwanukan uwargida, da shimfiɗar yara in dare ya yi. Injin gudu shi kaɗai yana cin kusan ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 3 a faɗi, kuma masu ƙera shi suna so a bar fili mai tsawo a bayansa, don kada wanda ya zame ya bugu da bango. Ina ɗakin ya rage?

Na biyu, wuta. Mutanen Maiduguri ba su manta da Janairun 2021 ba, lokacin da aka fasa turakun da ke kawo lantarki ta hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar wuta mai amfani da gas wadda aka buɗe a 2023. Injin da ba ya motsi sai da lantarki, ranar da babu wuta ya zama wurin rataye riguna. Ƙaramin janareta da ƙyar yake ɗaukarsa, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, in kuwa ya lalace, samun mai gyara da kayan gyara wani aiki ne.

Na uku, yara. A 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injin gudunsa daga kasuwa bayan da ya yi sanadin mutuwar wani yaro, ya kuma raunata waɗansu. In haka ta faru a gidajen da ke da ɗakuna da yawa, yaya ke nan a ɗakin da mai rarrafe yake kwana kusa da injin?

Wanda lalle yake son inji, keken motsa jiki ya fi masa. Ba ya bukatar wuta, bai kai rabin wurin injin gudu ba, kuma yana sauƙaƙa wa gwiwa, saboda haka ya dace da dattijo da mai ƙiba. In na gwanjo ne, a hau a gwada tun a kasuwa, a duba sirdi yana hawa yana sauka, a saurara ko akwai ƙara a cikinsa.

Kayan Da Ake Ratayewa A Ƙusa

Daidai ruwa daidai tsaki. Mai ɗaki ɗaya ya nemi abin da za a naɗe, a rataye a ƙusa ko a tura ƙarƙashin gado.

Na farko igiyar tsalle. 'Yan damben zamani sun daɗe suna dogara da ita, domin minti kaɗan na tsallen igiya suna sa zuciya aiki sosai. Yadda ake auna ta shi ne a taka tsakiyarta da ƙafa, a ja bakin biyu sama, su kai hammata. Sai dai ba a yin ta a ƙarƙashin fanka ko rufi mai gajarta, gara tsakar gida ko zaure. Mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki ya bar ta, ya nemi dakali ko ƙaƙƙarfan benci gajere ya riƙa hawa yana sauka.

Na biyu roba. Ana sayar da irin wadda aka yi musamman don motsa jiki, amma robar cikin tayar keke ko ta babur, wadda ake ɗaure kaya da ita, tana yin aikin. A taka ta da ƙafa a ja sama don damtse da kafaɗa, ko a ɗaura ta a ƙarfen taga a ja don tsokar baya. Kullum a duba ko ta fara tsagewa, domin in ta tsinke tana iya samun ido.

Na uku nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar da ke bayan ƙofa ma'auni ce da kanta. Mai farawa ya zuba lita 3 ko 5, bayan makonni ya ƙara. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, in aka cika ta da yashi, ta haura kilo 2, kuma biyu sun ishi uwargida ko dattijo. Samari kan zuba siminti a gwangwani biyu su haɗa da sandar ƙarfe. Dabara ce mai kyau, amma a auna gwangwanayen su zo daidai, kuma kada a kwanta a ɗaga shi bisa ƙirji ba tare da wani a tsaye kusa ba.

Na huɗu tabarma. Filin da mutum zai miƙe a kai, ya buɗe hannuwansa bai taɓa komai ba, ya isa a yi tsugunne da tashi, da dafa ƙasa a ɗaga jiki, da motsa tsokar ciki. Ga matan da ba su cika fita ba, tabarma da roba da gora biyu sun wadatar, ba sai an sayi komai a kanti ba.

Waɗanda Suka Yi Da Ƙasa Da Haka

Kada wani ya raina waɗannan kaya. A ƙarshen shekarun 1950, wani masani mai suna Bill Orban ya tsara wa sojojin saman Kanada da ke zaune a sansanoni masu nisa wani shiri da ake kira 5BX: motsi iri biyar cikin minti 11 a rana, ba tare da wani kaya ba. Marigayi Nelson Mandela kuwa ya yi shekara 18 a kurkukun tsibirin Robben, a ɗakin da bai wuce ƙafa 8 da ƙafa 7 ba, inda ya kan yi gudu a wuri guda har minti 45 da asuba. Ya fita kurkuku a 1990 da ƙafafunsa, ya kuma rayu shekara 95.

Hattara

Zafin Barno a watannin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje zafi. A yi motsa jiki bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a buɗe taga, a sha ruwa. Da azumi a bari sai an sha ruwa abinci ya faɗa. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi sa'ad da yake ɗaga nauyi. Mai shan maganin sukari ko yin allurarsa kada ya yi da yunwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi likita. Mai juna biyu, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon zuciya, su fara neman shawara tukuna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen gashi da motsa gaɓoɓi inda ake ba da irin wannan shawara.

Saboda haka, kafin magidanci ya nufi Kasuwar Monday da kuɗin da ya sha wuya ya tara, ya ɗauki igiya ya auna filin da ya rage tsakanin gado da ƙofa. Sa'an nan ya gwada wata guda da jarka da tabarma. In ya ɗore, ya san abin da yake bukatar ƙari. In bai ɗore ba, kuɗinsa na aljihunsa, ya sayi gero. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kuma komar da manoman Konduga gonakinsu cikin aminci, amin.